Ɗan Gurbin Da Muke Karatu Da Shi A Cikin Ido

Miƙe hannunka gaba, ka ɗaga babban yatsa, ka ƙura wa farcen ido. Faɗin farcen nan shi ne kusan iyakar abin da idonka ke gani tar a lokaci guda. Sauran duk abin da ke kewaye, dishi-dishi yake isa ƙwaƙwalwa. In kana tantama, tsayar da idonka a kan kalma ɗaya cikin wannan layin, ka gwada karanta ta biyar daga gare ta ba tare da ka motsa shi ba.

Can bayan ƙwayar ido akwai wani siririn tantani mai karɓar haske, wanda likitoci ke kira retina. A tsakiyarsa akwai wani wuri mai launin ɗorawa, makula, faɗinsa kimanin milimita 5.5. A tsakiyar makula kuma wani ɗan gurbi ne ya lotsa, fobiya, mai faɗin milimita 1.5 kacal, bai ma kai ƙwayar gero ba. Da shi tela ke zura zare a kafar allura, da shi ɗalibi ke rarrabe wasali da ɗigo a kan allo, da shi uwa ke gane fuskar ɗanta a cikin taro.

Tantanin na da ƙwayoyin karɓar haske iri biyu. Akwai masu siffar sanda, masu aiki a duhu, ba ruwansu da launi. Akwai masu tsini, masu gane launi da ƙananan abubuwa in da haske. A ƙasan gurbin babu masu sanda sam, masu tsinin ne zalla, sirara, a cunkushe: fiye da 150,000 a murabba'in milimita ɗaya. Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne yadda aka share wa haske hanya. Sauran ƙwayoyin jijiya da ke shimfiɗe a kan tantanin duk sun ja gefe a nan, abin da ya sa wurin ya lotsa ke nan. Hanyoyin jini ma sun tsaya daga bakin wani fili mai faɗin kusan rabin milimita, sai ta ƙarƙashi ake ciyar da shi. Kowace ƙwaya a nan kusan tana da layinta na kanta zuwa ƙwaƙwalwa, alhali a gefe ƙwayoyi masu yawa ne ke tarayya a layi ɗaya.

Ƙanƙantar gurbin ce ta sa ido ba ya zama wuri ɗaya. Yakan yi tsalle sau uku zuwa huɗu a daƙiƙa, yana kai gurbin kan abin da ake son gani, ƙwaƙwalwa tana harhaɗawa. Wani likitan ido a Faransa, Emile Javal, ya bayyana a wajajen 1878 cewa da tsalle-tsalle ido ke bin layin rubutu. Rashin masu sandan nan kuwa yana da farashinsa: da dare, tauraro mai rauni yakan ɓace in ka dube shi kai-tsaye, ya dawo in ka ɗan kauda ido. Gwada da taurarin kaza da 'ya'yanta.

Francesco Buzzi na birnin Milan ne ya kwatanta wurin ɗorawar a 1782. Bayansa Bajamushe Samuel Sömmerring ya ga gurbin, ya zaci huda ce. Shaho da mikiya kuwa gurbi biyu gare su a kowane ido.

Inda maganar ta shafe mu shi ne lalacewar gurbin nan, domin ba ta zuwa da zafi. Wanda fobiyarsa ta taɓu yana iya tafiya kasuwa ba ɗan jagora, ya kauce wa babur, amma ya kasa karanta saƙon waya, ya ga bakin ƙofa ya lanƙwashe, ko wani tabo ya tsaya daidai kan fuskar mai yi masa magana. Sai dangi su ce ai yana gani, raki ne kawai. Idon da ke da lafiya kuma yakan rufa wa ɗan'uwansa asiri wata da watanni.

Ciwon suga na cikin manyan masu wannan ɓarna. Yana raunana ƙananan hanyoyin jini har su riƙa yoyo, makula ta kumbura. Tsufa ma na cinye ta, taba sigari na ƙara wa abin gudu, haka nan shan kulorokwin na shekaru ba bisa kulawar likita ba. Sai kallon rana. Waɗanda suka ga kusufin ranar 29 ga Maris, 2006, lokacin da Gusau da Katsina suka yi duhu da hantsi, za su tuna gargaɗin da aka yi ta yi. Madubin cikin ido yana tattara hasken rana ne daidai kan wannan gurbin, kuma baƙin tabarau na kasuwa ba ya karewa.

A ganina mun fi mayar da hankali ga yanar ido, don ita ake gani fari fat, ita kuma ake cirewa mutum ya tashi yana gani. Ƙwayoyin fobiya in sun mutu ba sa sake tsirowa. Kumburi dai ana maganinsa da allurar cikin ido ko hasken leza in an zo da wuri, kuma akwai asibitocin ido irin su Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna da asibitin ECWA a Kano.

Don haka mai ciwon suga ya je a ɗiga masa magani a leƙa bayan idonsa sau ɗaya a shekara, ko da yana gani garau. Kai kuma mai karatu, rufe ido ɗaya da tafin hannu ka dubi bakin taga, sannan ka sauya. In layin ya karkace ko tsakiyarsa ta ɓace, kada ka tsaya neman tozali ko maganin ɗigawa a kemis, ka nufi likitan ido a makon nan.