Wutar Sola da Ƙa'idar Haɗa Ta da Ƙasa

Duk wanda ya zaga Talata Mafara, Bakura ko Maradun zai ga faya-fayan sola a kan rufin shaguna, asibitoci, makarantu da wuraren ibada. Manoman rani da ke cin moriyar madatsar ruwa ta Bakolori, wadda aka kammala a 1978, su ma wasunsu sun koma jan ruwa da sola, musamman tun da aka cire tallafin fetur a 2023. Sai dai wutar da rana take bayarwa tana iya kisa kamar ta kamfani. Shi ya sa na ga ya dace ɗalibai da iyaye su san wasu ƙa'idoji game da ita.

Aikin inbata

Faifan sola yana ba da wuta mai tafiya hanya ɗaya, wadda ake kira DC. Kayan gidajenmu kuwa suna aiki da wuta mai kai da komo, wato AC, mai ƙarfin bolt 230, tana juyawa sau 50 a daƙiƙa. Akwatin da yake mai da DC ta zama AC shi ne inbata.

Tsohuwar inbata tana da taransifoma a ciki, wato ƙarfe da aka naɗe da wayar tagulla, shi ya sa take da nauyi. Taransifomar tana miƙa wuta ta hanyar maganaɗisu, saboda haka babu wayar da ta haɗa ɓangaren faya-fayai da ɓangaren gida kai tsaye. Kamar katanga take tsakanin gidaje biyu. Sabuwar inbata an cire mata wannan katanga. Ba ta da nauyi, ta fi araha, kuma mai kyau tana miƙa kashi 97 zuwa 98 cikin 100 na wutar da ta karɓa. Amma kowane sauƙi da sharaɗinsa.

Sharaɗin farko

Wayoyi biyu ne suke saukowa daga faya-fayai, mai alamar tarawa da mai alamar ɗebewa. A tsohon tsari akan haɗa ɗaya daga cikinsu da ƙasa. A inbata marar taransifoma ba a yin haka sam. Dalili shi ne, wayar nutural ta kamfanin wuta an riga an haɗa ta da ƙasa a gindin taransifomar unguwa. Tun da babu katanga, in aka sake haɗa wayar faifai da ƙasa, wuta ta sami gajeriyar hanya ke nan ta cikin ƙasa, sai inbata ta kashe kanta ko ta ƙone.

A nan ne wasu suke ruɗewa, su ce ai wannan tsari ba ya bukatar ƙasa. Wayoyi biyu masu ɗauke da wuta ne kawai ba a haɗawa. Firam ɗin faya-fayai, ƙarafan da suka hau, da jikin inbata, dole ne a haɗa su duka da waya mai launin kore da ruwan ɗorawa, a kai ta ga sandar tagulla da aka kafa cikin ƙasa.

Abin da dokoki suka ce

A Amurka, kundin dokar haɗa wuta ya amince da irin wannan tsari a bugun 2005, aka kuma sake fasalin dokar a 2017. Ƙa'idar duniya mai lamba IEC 62109-2 ta ɗora wa inbata aiki biyu. Kafin ta fara aiki, sai ta gwada ko rigar wayoyin lafiya take. Tana cikin aiki kuma, in wuta ta soma zurarewa farat ɗaya har miliamfiya 30, sai ta yanke kafin cikar sulusin daƙiƙa. Miliamfiya 30 kaɗan ce ƙwarai, amma abin da ya wuce ta yana iya rikita bugun zuciyar mutum.

A Nijeriya, hukumar NERC ta fitar da ƙa'idojin haɗa wuta a 2015, kuma dokar da ta kafa hukumar NEMSA ta fito a wannan shekara. NEMSA ce take duba aikin wuta, tana kuma ba masu haɗa ta takardar shaidar ƙwarewa. Hukumar SON ita ke kula da ingancin kayan da ake shigowa da su.

Ga abubuwan da ya kamata mai gida ya gani da idonsa:

1. Makunnin DC mai yanke wayoyin biyu a lokaci ɗaya, domin kowacce tana iya jan mutum.
2. Waya ta musamman ta sola, mai riga biyu, mai jure rana. Wayar fitilar ɗaki ba ta yin wannan aiki.
3. Fis ko makashin wuta da aka rubuta DC a jikinsa. Wutar AC tana saukowa sifiri sau 100 a daƙiƙa, sai tartsatsinta ya mutu. Ta DC ba ta saukowa, tartsatsinta yakan ci gaba har ya kama silin.
4. Na'urar kariya daga tsawa.
5. Rubutun gargaɗi a jikin akwati, domin wanda zai zo gyara wata rana.

Yanayin ƙasarmu

Faifai ɗaya yakan ba da kimanin bolt 40. In aka jera 10 a layi, bolt 400 ke nan, kuma muddin rana ta fito wutar tana nan ko an kashe inbata. Da sanyin hunturu ƙarfin yakan ƙaru, saboda haka mai aiki ya bar rata a lissafinsa, kada ya wuce iyakar da aka rubuta a jikin inbata.

Da rani ƙasarmu takan bushe ƙamas, busasshiyar ƙasa kuwa ba ta karɓar wuta sosai. Sandar da aka kafa da damina tana iya rasa amfani a watan Afrilu. A kafa ta da zurfi, a wuri mai laima, a kuma auna ta da mita a lokacin rani. Da damina kuma, ruwa yakan shiga inda ɓera ya ci waya ko rana ta tsattsaga ta. Sai a ga inbata ta ƙi tashi da safe, tana nuna alamar matsala.

Na taɓa ganin haka a gidan wani maƙwabci. Mai gyaran da aka kira ya cire wayar ƙasa, inbata ta tashi, aka biya shi, kowa ya yi murna. Bayan kwana biyu yaron gidan ya hau wanke faya-fayai, wuta ta ja shi, da ƙyar ya sauko lafiya. Da aka bincika sai aka tarar da waya a sale tana taɓa ƙarfe. Ashe inbatar gaskiya take faɗa, aka toshe mata baki.

Shawara

Kwamitin makaranta ko na ikilisiya da zai sa sola ya nemi takardar shaidar mai aikin, ya karɓi littafin inbata ya ajiye, ya kuma ce a nuna masa sandar ƙasa kafin ya biya cikon kuɗi. Araha ba ta ado. Ku kuma ɗalibai, kada ku hau rufi wanke faifai sai da izinin babba, kuma kada ku taɓa tsirarar waya ko da an ce wuta a kashe take. Waɗanda suke son kimiyya su dage da lissafi da fiziks, domin garuruwanmu suna bukatar masu haɗa wuta da suka san dalilin kowace waya. Rigakafi ya fi magani.