Gishiri da Fitsari: Mu Tace Gaskiya daga Ji-ta-ji-ta

A majalisu da saƙonnin WhatsApp, wasu na ɗora wa gishiri laifin duk wata matsalar fitsari, wasu kuma sun mayar da shi magani. Kowane ɓangare na da inda ya dace da inda ya kauce.

“Yawan gishiri na jawo fitsarin dare.” Gaskiya ne.

Gishiri na sa ƙishirwa, a yi ta kwankwaɗar ruwa, ƙoda kuma sai ta haɗa da ruwa kafin ta fitar da rarar gishirin. Ruwan da ya taru a ƙafafu da rana shi ma yakan koma cikin jini idan an kwanta, ya zama fitsari. A 2017, Dakta Tomohiro Matsuo na Jami'ar Nagasaki a Japan ya gabatar da bincike kan mutum 321 masu fama da fitsarin dare. Mutum 223 da suka rage gishiri daga giram 10.7 zuwa 8 a rana, tashinsu na dare ya sauka daga kimanin sau 2.3 zuwa 1.4. Waɗanda cinsu ya ƙaru kuwa, tashin nasu ƙaruwa ya yi.

“Gishiri na haddasa tsakuwar ƙoda.” Akwai ƙamshin gaskiya sosai.

Idan gishiri ya yi yawa, ƙoda na zubo sinadarin kalsiyam cikin fitsari, kuma da shi akasarin tsakuwa ke ginuwa. A wani bincike na birnin Parma a Italiya da aka wallafa a 2002, maza 60 sun rage gishiri da nama, 12 ne kawai tsakuwa ta dawo musu cikin shekara 5. A ɗaya rukunin da ya rage kalsiyam a abinci, 23 cikin 60 ne.

“Gishiri ne ke kawo ciwon sanyi.” Ba haka ba ne.

Zafin fitsari da ciwon mara galibi aikin ƙwayoyin cuta ne da ke shiga mafitsara, musamman E. coli da ke zaune a hanji. Yaron da ya yi iyo a kududdufi ya dawo yana fitsarin jini, tsargiya za a fara zargi, kuma tana da maganinta a asibiti.

“Ruwan gishiri na wanke mafitsara.” Ƙarya ce mai hatsari.

Ba ya kashe ƙwayar cutar, sai dai ya tayar da hawan jini ya wahalar da ƙoda. Ba mu manta watan Agustan 2014 ba, lokacin da aka tashi jama'a cikin dare a Najeriya cewa a sha ruwan gishiri a yi wanka da shi saboda Ibola. An rasa rayuka, wasu suka kwanta asibiti.

“Ni ba na barbaɗa gishiri, don haka ba ruwana.” Kuskure ne.

Leƙa tukunyar miya: dunƙule huɗu, ɗan gishiri, ga kanwa a kuɓewa. Ƙara kilishi, yajin tsire, burodi da sinadarin taliyar leda. Manda ma ba ta fita ba, domin sodiyam ɗin da ke cikin gishirin kanti shi ne a cikinta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babban mutum ya kai giram 5 a rana, wato kusan cikin ƙaramin cokalin shayi, amma matsakaicin cin duniya ya ninka hakan.

Abin da ya fi damuna shi ne dattijon da ke ƙin shan ruwa don gudun tashin dare. Fitsarinsa yakan yi kauri, ya fusata mafitsara, ya share wa tsakuwa hanya. Gishiri za a rage, musamman a tuwon dare, a bar daddawa, citta da tafarnuwa su ɗauki nauyin ɗanɗano. Idan an yi makonni babu sauƙi, a je a auna suga, maza masu shekaru kuma a duba musu furostet. Jini a fitsari, zazzaɓi ko tsayawar fitsari kuwa, ba a kwana da su a gida.