Gane-gane da Jin Muryoyi a Ƙauyukan Jazira

A ƙauyukan Hausawa da ke kewaye da Wad Madani, a jihar Jazira ta ƙasar Sudan, idan mutum ya fara ganin abin da babu, ko yana jin ana kiran sunansa alhali ba kowa, akan ce iska ce ta taɓa shi. Sai a kai shi wurin malami don ruƙiya da rubutun sha, ko wurin masu zar, wato abin da ya yi kama da bori a ƙasar Hausa.

Likitoci kuwa suna ɗaukar gane-gane a matsayin alama, ba cuta guda ba. Ƙwaƙwalwa ce ke ƙago hoto ko murya ko wari, mai abin kuma yana jin sa sosai. Saboda haka ba ƙarya yake yi ba, kuma gardama da shi ba ta da amfani.

Dalilan suna da yawa. Akwai zazzaɓi mai zafi, musamman na cizon sauro idan ya hau ka, wanda ba baƙo ba ne a yankin da ruwan noman rani ke kwanciya. Akwai farfaɗiya, da rashin barci, da shan tabar wiwi, wadda ake kira bango a Sudan. Tashin hankalin yaƙi ma yana jawo shi, irin wanda mutanen Wad Madani suka gani daga Disamban 2023 zuwa Janairun 2025. Sannan akwai taɓin hankali mai daɗewa, wanda yakan fara da ƙuruciya.

Abin lura shi ne yadda abin ya fara. Idan ya zo farat ɗaya tare da zazzaɓi, ko sambatu, ko jijjiga, to a garzaya asibiti a ranar, domin jinkiri yana iya cin rai. Haka ma idan muryar tana umartar mutum ya cuci kansa ko wani. Idan kuwa a hankali ya shigo, akwai magungunan da ke rage muryoyin, amma sai an daure da shan su.

Zuwa asibiti bai hana addu'a ba. Dakta Tijani al-Mahi, likitan ƙwaƙwalwa na farko ɗan Sudan, wanda ya buɗe asibitinsa a Hartum ta Arewa a 1949, ya yi aiki tare da shehunai maimakon ya yi gaba da su. Abin da likitoci ba su yarda da shi ba shi ne duka, da ɗauri da mari, da hana maras lafiya maganinsa.