Renon Itatuwan Marmari Daga Iri Bisa Tsarin Bonsai

Kalmar bonsai ta Japananci ce, kuma daga kalmomi biyu aka gina ta: bon, watau faranti ko kasko marar zurfi, da sai, watau shuka ko dashe. Ma'anarta a taƙaice ita ce itacen da aka rena a cikin kasko. Hausa ba ta da kalma guda da ta yi daidai da ita. Wanda ya ce "wadan itace" bai faɗi daidai ba, domin wada haka aka halicce shi. Wanda kuma ya ce "tsumburarren itace" ya ɗan kusanta, sai dai tsumburewa alamar yunwa ce da wahala, alhali kuwa itacen bonsai lafiyayye ne, har ya fi na lambu samun kulawa. Girmansa kaɗai aka tsare. Saboda haka duk wanda ya ga ƙunshin iri a kanti an rubuta "irin bonsai" a jikinsa, to ya sani dabarar ciniki ce kurum: ƙwayar da ke ciki, in aka binne ta a fili aka ƙyale ta, babban itace za ta zama kamar uwarta.

Asalin wannan fasaha daga ƙasar Sin ya ke. A kabarin wani ɗan sarki na daular Tang, Zhang Huai, akwai zanen bango na shekarar 706 wanda ya nuna wata baiwar fada ɗauke da faranti mai ɗan dutse da tsirrai a ciki. Daga Sin ta ƙetara zuwa Japan, inda a ke ganin ta cikin wani naɗaɗɗen zane na shekarar 1309. Turai ba ta san ta sosai ba sai a bukukuwan baje koli na birnin Faris, a 1878 da 1889 da 1900. Bayan girgizar ƙasar da ta rushe Tokyo a 1923, wasu masu sana'ar suka ƙaura zuwa Omiya suka kafa unguwa ta musamman a 1925, kuma tun 1934 a ke yin babban nunin nan na Kokufu a Tokyo. Dangane da tsawon ran irin waɗannan itatuwa kuwa, misali ɗaya ya wadatar: akwai wani da a ke reno tun 1625, yana gidan iyalin Yamaki a Hiroshima lokacin da aka jefa bom a 1945 bai mutu ba, aka ba Amurka shi kyauta a 1976, yana nan a birnin Washinton.

Hanyoyin samun itacen reno suna da yawa. Ana tono tsohon itace daga dawa, ana dasa reshe, ana kuma yin aure, watau a haɗa reshen wani itace da gindin wani, kamar yadda a ke yi wa mangwaro da lemo. Wadda ta fi duka jinkiri ita ce shuka iri, abin da Japanawa ke kira misho. Amfaninta shi ne mai reno ke da iko da itacen tun ranar da ya tsiro, kuma gindinsa ba ya ɗauke da tabon sara ko kumburin aure.

Ba kowane iri ne ke tsirowa da zarar an binne shi ba. Ƙwayar tuffa, alal misali, 'yar ƙasar sanyi ce, tana da wani barci wanda ba ta farkawa daga gare shi sai ta yi wata biyu zuwa uku cikin laima da sanyin da ya kusa daskarar da ruwa. Wannan kariya ce gare ta, don kada ta tsiro da kaka hunturu ya kashe tsiron. A kan yaudare ta ta hanyar sa ta cikin jiƙaƙƙen yashi a ajiye a firiji. Ƙwayar lemo akasin haka ta ke, ba ta son bushewa, daga cikin lemon sai ƙasa. Ƙwayar tsamiya kuwa ɓawonta ne mai tauri, sai an kankare shi kaɗan ko an jiƙa ta ta kwana.

Babban aiki na farko a ƙarƙashin ƙasa ya ke. Tsiro ya kan fara da sakin doguwar saiwa guda wadda ke nutsawa neman ruwa. Ita wannan uwar saiwa ba ta da wuri a kaskon da zurfinsa bai wuce 'yan yatsu ba, don haka a kan datse ta tun tsiron yana ƙarami, sa'an nan a shimfiɗa ƙananan saiwoyin da suka fito a kewaye, kowace ta fuskanci nata ɓangaren. Bayan shekaru su ne za su yi kauri su bayyana a bisa ƙasa, itacen ya yi kama da tsohuwar bishiya wadda ta kafu da ƙarfinta. Masana sun fi duba wannan wuri kafin su dubi ganye, kuma suna da gaskiya, domin reshe yana gyaruwa a kowane lokaci, amma saiwar da ta karkace tun farko da wuya ta miƙe. Ƙaramin itace a kan cire shi daga kasko shekara-shekara ko bayan shekara biyu, a rage saiwar, a sake masa ƙasa mai tsakuwa-tsakuwa wadda ruwa ba ya kwanciya a cikinta.

A sama kuma, karin maganar nan da ke cewa icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi, a nan ba karin magana ba ce, umurni ne. Ana naɗa wa kara da rassa wayar tagulla ko ta gorar ruwa a lanƙwasa su, a kwance wayar kafin ta ci ɓawo. Ana kuma tsinke kan toho. Dalilin haka shi ne kan reshe yana fitar da wani sinadari, oksin, wanda ke hana idanun da ke ƙasa da shi buɗewa. In aka tsinke kan, sai su farka, reshe ɗaya ya zama biyu, biyu su zama huɗu, ganye ya yawaita kuma ya ƙanƙance. Duk wanda ya lura da 'yar magarya ko aduwar da awaki suka dame ta da ci a bakin hanya, ta kasa tsawo amma ta yi kauri ta cunkushe, ya riga ya ga wannan ka'ida tana aiki.

To, a nan ne itacen marmari ya bambanta da sauran. Ganye yana ƙanƙancewa, amma fure da 'ya'ya ba sa bin sa. Girman da halitta ta ba su shi za su yi. Itacen da bai wuce kamu ɗaya ba, in na babban lemo ne, babban lemo zai haifa, ya rinjayi reshen, ya kuma ɓata sifar. Shi ya sa Japanawa suka fi zaɓen masu ƙananan 'ya'ya: ƙaramar tuffa da su ke kira himeringo, da gajeren rumman, da wani lemo mai suna kinzu wanda ɗansa da kyar ya wuce ɗan magarya, da kuma royagaki, wanda dangin kanya ne. Shi royagaki akwai namiji akwai mace, ita macen ce ke haihuwa, kuma ba a gane wanne aka shuka sai ranar da ya yi fure.

Sa'an nan ga matsalar gado. Ƙwayar tuffa ɗiyar iyaye biyu ce, domin ƙudan zuma daga wani itace su ke kawo garin furen, saboda haka abin da za ta haifa ba zai zama irin tuffar da aka ciro ta ba, sau da yawa ma ƙarami ne mai tsami. Ga mai lambu wannan hasara ce, ga mai bonsai kuwa ƙanƙantar ribarsa ce. Yawancin lemo ba haka su ke ba, ƙwaya ɗaya ta kan fitar da tsiro biyu ko uku, mafi yawansu kwafin uwar ne.

Abin da ya fi karya zuciyar masu farawa shi ne ƙuruciyar itace. Itacen da ya fito daga iri ba ya fure sai ya balaga. Gajeren rumman ya kan balaga cikin shekara biyu ko uku, tuffa kuwa ta kan kai shida zuwa goma. Lemo ya fi su wuyar sha'ani, domin sai ya yi wani adadi na gaɓoɓi kafin rassansa na can sama su fara fure, alhali aikin mai bonsai shi ne yanke waɗannan rassa na sama. Watau almakashin da ke ƙawata itacen shi ne ke mayar da shi ƙuruciya, har a yi shekaru masu yawa ba a ga fure ko ɗaya ba. Mafita biyu ce. Ko dai a bar reshe guda ya yi ta tsawo, ya ƙara wa gindi kauri, a sare shi daga baya, ko kuwa a yi wa itacen aure da reshen wanda ya riga ya balaga. Ta biyun ta fi tabbas, ko da ya ke masu tsananin ra'ayi suna ganin ta rage darajar misho. In kuma Allah ya sa ya haihu, a kan tsinke yawancin 'ya'yan tun suna ƙanana a bar kaɗan, domin saiwar da ke cikin kasko ba ta iya ciyar da su duka.

A ƙasashe masu zafi tuffa da danginta ba sa jurewa, tun da ba su samun hunturun da su ke hutawa a cikinsa. Masu wannan fasaha a Indiya da Indunusiya sun daɗe suna renon tsamiya, wadda ganyenta ƙanana ne tun asali, a Afirka ta Kudu kuma ana renon kuka. Dabino da giginya ba sa shiga wannan tsari ko kaɗan, domin ido ɗaya tak gare su a can ƙololuwa, in aka yanke shi itacen ya mutu. Kasko marar zurfi kuwa, a watannin bazara, ya kan bushe tsakanin hantsi da la'asar, sai an shayar da shi sau biyu a yini an kuma kawar da shi daga ranar tsaka.