Laburaren Kashim Ibrahim na Zariya da Mai Neman Tarihin Zamfara

Duk wanda ya tashi a Anka, ko Gummi, ko Bukkuyum, ya san cewa tarihin Zamfara yana bakin dattawa da makaɗan fada. To, amma idan ɗalibi ya so ya rubuta wannan tarihi, watau ya auna ruwayar wannan gari da ta wancan, ya kuma sa wa kowace aukuwa shekararta, ba makawa sai tafiya ta kama shi zuwa inda aka tara takardu. Sakkwato ita ce kusa da shi, can akwai Laburaren Abdullahi Fodiyo na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, wadda aka kafa a 1975. Sai dai tun kafin a aza harsashin wannan, an riga an daɗe ana tara kayan bincike a Zariya, shi ya sa har yanzu mai neman tarihin Zamfara da wuya ya kammala aikinsa bai taka Samaru ba.

Laburaren Kashim Ibrahim ya girmi jami'ar da yake cikinta. Asalinsa ɗan ƙaramin ɗakin karatu ne na reshen Zariya na Kwalejin Fasaha da Kimiyya ta Nijeriya, wanda aka buɗe a 1955. Da aka kafa Jami'ar Ahmadu Bello a watan Oktoba na 1962, sai ta gaji harabar kwalejin da littattafanta. A 1963 aka yi wa laburaren sabon gini, aka raɗa masa sunan Sir Kashim Ibrahim, mutumin Barno, tsohon malamin makaranta, wanda shi ne Gwamnan Jihar Arewa daga 1962 zuwa 1966. Wannan ginin ma bai jima ba ya yi kaɗan, domin ɗalibai sun yi ta ƙaruwa, har aka koma babban ginin da ake ciki yanzu a ƙarshen 1976. Bisa ƙididdigar da jami'ar take bayarwa, littattafan da ke hannunta sun haura miliyan ɗaya. Ba duka ne suke ƙarƙashin rufi guda ba: akwai Laburaren Shugaba Kennedy a harabar Kongo, da na Cibiyar Binciken Aikin Gona a Samaru, da na likitanci, da na likitancin dabbobi, da wasu ƙanana a tsangayoyi. Jami'ar ce kuma ta buɗe sashen koyar da aikin laburare a 1968, inda ma'aikatan ɗakunan karatu da yawa na Arewa suka samu horo.

Yawan littattafai abin alfahari ne, amma ba shi ne ke bambanta laburaren bincike da na makaranta ba. Littafin lissafi ko na haɗa magunguna da aka buga a Landan, in asu ya cinye shi, kuɗi ne kawai za a nema a sayo wani. Abin da ba ya sayuwa shi ne kundin digiri da aka buga da tafireta kwafi huɗu ko biyar, da rubutun hannu na Larabci da ajami, da tsofaffin jaridu irin su Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fita a 1939, da ƙananan littattafan da Hukumar NORLA ta buga a Zariya a shekarun 1950. Irin waɗannan kaya ne ake ajiyewa a sashen nazarin Afirka da sashen Larabci, inda ba a ba da aro. Mai bukata yakan zauna ya karanta a nan, ya mayar kafin ya fita.

Misalin Zamfara zai nuna amfanin wannan. Sanannen abu ne cewa Sarkin Gobir Babari ya ci Birnin Zamfara a tsakiyar ƙarni na 18, sarakunan Zamfara suka yi ta ƙaura daga wannan gari zuwa wancan har suka zauna a Anka. Cikin waɗanda suka tattara jerin sarakunan da labarunsu cikin littafi guda akwai wani Bajamushe, Kurt Krieger, wanda ya zauna a Anka a shekarun 1950, ya ji daga bakin dattawan garin, ya buga Geschichte von Zamfara a Balin a 1959. Abin mamaki, ko kuwa abin takaici, maganar da aka faɗa da Hausa a zaurukan Anka sai ga ta da Jamusanci, harshen da jikokin masu faɗar ba su ji. Bayansa sai Garba Nadama, wanda daga baya ya zama Gwamnan Jihar Sakkwato, ya rubuta kundinsa na digirin dakta a kan tashin daular Zamfara da faɗuwarta, ya miƙa wa Jami'ar Ahmadu Bello a 1977. Wannan kundi ya zama madogarar masu rubutu a kan Zamfara, kuma gidansa na asali shi ne Zariya.

Sa'an nan ga rubuce-rubucen masu jihadi. Abdullahi ɗan Fodiyo ya ambaci shekarun da Shehu ya yi yana wa'azi a ƙasar Zamfara cikin Tazyinul Waraƙati, Muhammadu Bello kuma ya kawo labarin yaƙe-yaƙen cikin Infaƙul Maisuri, har da zaman da jama'ar Shehu ta yi a Sabon Gari ta Zamfara a 1805. Tun cikin shekarun 1960 jami'ar ta shiga aikin tattara irin waɗannan littattafai, a ƙarƙashin Shirin Binciken Tarihin Arewa, wanda Farfesa Abdullahi Smith ya jagoranta. Dabararsu mai sauƙi ce: a je gidan malami, a roƙi aron littafi, a ɗauki hotonsa, a mayar wa mai shi. Shi ne kuma ya assasa Gidan Arewa a Kaduna a 1970, a tsohon gidan Sardauna, wanda shi ma cibiya ce ta jami'ar mai nata ɗakin ajiya. Ɗalibin da ya jera waɗannan a gabansa, ruwayar Anka a hannun dama, ta Sakkwato a hannun hagu, shi ne zai ga inda suka dace da inda suka saɓa, domin wanda aka ci da yaƙi da wanda ya ci ba su ba da labari iri ɗaya.

Duk wannan dukiya ba ta da amfani in ba a iya gano inda take. A nan ne aikin ma'aikacin laburare yake, aikin da jama'a suka raina, suna zaton gadin littattafai ne kurum. Kowane littafi da ya shigo sai an rubuta sunan mawallafinsa, da sunansa, da fanninsa, a ba shi lamba. A tsarin Laburaren Majalisar Amurka, wanda yawancin jami'o'in Nijeriya suke bi, tarihin Afirka yana ƙarƙashin haruffan DT, harshen Hausa da adabinsa kuwa suna ƙarƙashin PL. Littafin da aka ajiye ba a muhallinsa ba, ko da yana cikin ginin, daidai yake da ɓatacce. A da, katuna ne ake jerawa cikin akwatuna. Daga shekarun 2000, da taimakon gidauniyoyin MacArthur da Carnegie, aka shiga mayar da katalogi cikin kwamfuta. Har ila yau jami'ar ta buɗe rumbun intanet mai suna Kubanni, sunan kogin da ya ratsa harabarta, inda take zuba kundayen digiri domin mai bincike ya karanta daga nesa.

Ba tarihin da kaɗai ake nema a irin wannan wuri ba. A 2010 aka gano cewa gubar dalma tana kashe yara a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, ciki har da Yargalma da Dareta, saboda niƙa dutsen zinari da ake yi a cikin gidaje. Yara kimanin 400 suka rasu. Likitoci da masana ƙasa sun yi rubuce-rubuce masu yawa a kan wannan annoba, amma mafi yawansu a mujallun ƙasashen waje suka fito, wasu kuma sai an biya kuɗi kafin a karanta. Laburaren jami'a ne ke yin rajista da rumbunan waɗannan mujallu a madadin malamai da ɗalibai. In rajistar ta yanke, ko wuta ta ɗauke, ɗalibin likitanci ɗan Bukkuyum ba zai ga abin da aka rubuta a kan ƙauyensu ba, alhali takwaransa na Ingila yana gani.

Akwai kuma abin da bai kai ga kowane laburare ba tukuna. A garuruwan yammacin Zamfara, kamar sauran ƙasar Hausa, gidajen malamai suna da littattafan gado cikin gafaka da adaka: wasiƙu, da waƙoƙin ajami, da takardun rabon gado. Rashin zaman lafiya na shekarun nan ya tashi ƙauyuka da dama, kuma mai gudun ceton rai ba takarda yake fara ɗauka ba. Hoton da masu Shirin Binciken Tarihin Arewa suke ɗauka da na'ura mai tsada, a yau wayar hannu tana ɗaukarsa. Abin da ya rage shi ne a rubuta sunan littafin, da gidan da aka same shi, da ranar da aka ɗauka, a kai kwafi Gusau, ko Sakkwato, ko Zariya, inda za a ba shi lamba.