Ruwan Lagireto a Lokacin Zafi: Ga Direbobi da Iyayen Yara

Motocin da ke sansanin nan ba su da yawa, kuma yawancinsu tsofaffi ne. Su ke kai mu kasuwa, su ke ɗaukar mai naƙuda ko mara lafiya zuwa asibiti a Maraɗi cikin dare. A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi kan wuce digiri 40, zafin injin na cikin abubuwan da suka fi tsayar da mota a daji.

Ruwa ne ke zagaya cikin injin yana kwasar zafi. Famfo ya tura shi ta tiyo zuwa lagireto, iska da fanka su huce shi, ya sake komawa. In ruwan ya ragu, ko fambel ya tsinke, ko ƙura ta toshe ramukan lagireto, sai allurar zafi ta hau ja. Wanda ya ci gaba da tafiya a haka zai ƙona gasket, ko injin ya buga gaba ɗaya.

A duba ruwa da safe kafin a tada mota. Yawancin motoci suna da farar roba kusa da lagireto mai alamomi biyu, MIN da MAX. Ruwan ya tsaya tsakaninsu. In kullum sai an ƙara, to akwai yoyo. A leƙa ƙarƙashin mota, a duba bakin tiyo da murfin lagireto, a nuna wa bakanike.

Kada a buɗe murfin lagireto injin yana da zafi. Ruwan da ke ciki a matse yake, zafinsa kan wuce digiri 100 ba tare da ya tafasa ba. Da an buɗe, sai ya yi tsartuwa da tururi ya watsu a fuska da hannu. A kashe mota, a jira aƙalla minti 30, a ɗora tsumma mai kauri, a murɗa kaɗan iska ta fita, sannan a cire. Haka kuma ba a kwara wa injin mai zafi ruwan sanyi, ƙarfen yana iya tsagewa. In wani ya ƙone, a riƙa zuba wa wurin ruwa mai tsabta, mai ɗan sanyi, har minti 20, a kai shi ɗakin shan magani. Ban da shafa man goge baki, ƙwai ko manja.

Ruwan rijiya da na burtsatse suna barin tsatsa da farin gishiri da ke toshe lagireto a hankali. A hanya, in babu wani, a zuba a ƙarasa gida. Amma abin da ya dace shi ne ruwan lagireto na kanti, kore ko ja. Wani an riga an sirka shi, wani kuma sai an haɗa rabi da rabi da tataccen ruwa. A karanta jikin galan. Kada a gauraya iri biyu.

Iyaye, wannan naku ne. Ruwan nan mai launi guba ne, ga shi da zaƙi, yaro zai ɗauka lemo ne. Kada a juye shi a gorar ruwan sha ko jarkar ɗebo ruwa, kada a ajiye shi a ɗakin kwana. Tsohon da aka tsiyaye kada a zubar kusa da famfo ko inda awaki ke sha. In yaro ya sha, ko da kurɓi ɗaya ne, kada a sa shi amai, kada kuma a jira a ga alama. A kai shi asibiti nan take, tare da galan ɗin.