Fitilar taya ko gejin hannu: wanne direba zai gaskata?

Da zarar noman rani ya kankama, hanyar Kwanar Dawaki zuwa Kura da Bunkure ba ta rabuwa da motoci masu lodin tumatir da albasa da shinkafa daga gonakin da ke shan ruwan Dam ɗin Tiga. Ga nauyi, ga zafin kwalta, ga ramuka, kuma duk taya ce ke shan wahalar. Duk da haka, direbobi da yawa ba sa waiwayar iskar tayarsu sai 'yar fitilar nan mai ruwan ɗorawa, mai kama da kofaton doki, ta kama a gabansu.

Asalin fitilar daga Amurka ne. A shekarar 2000, bayan tayoyin Firestone sun yi ta fashewa a motocin Ford Explorer har aka rasa rayuka, majalisar ƙasar ta yi doka a kan lamarin. Daga Satumbar 2007 kowace sabuwar ƙaramar mota dole ta zo da na'urar lura da iskar taya. Tarayyar Turai ta bi sahu a 2014. Shi ya sa yawancin tokumbo ke zuwa mana da ita.

Na'urar iri biyu ce. Akwai wadda ke maƙale a gindin bawul, cikin tayar, tana auna iska kai tsaye. Idan tana da lafiya, awonta kan zo kusa da na geji mai kyau. Sai dai batirinta kan mutu cikin shekara biyar zuwa goma, kuma ƙarfen mai faci kan fasa ta wajen ɓamɓare taya daga wili. Ɗayar kuwa ba ta auna iska ko kaɗan. Saurin juyawar tayoyin take kwatantawa, don haka idan duka huɗun suka sace tare a hankali, tana iya yin shiru.

Babban abin lura shi ne, a dokar Amurka, ba a wajabta wa fitilar kamawa ba sai iska ta ragu da kashi 25 cikin ɗari. Idan awon iska 32 aka rubuta wa motarka, tana iya jira sai ta sauka zuwa 24. Kana iya ɗauko kwandunan tumatir daga Kwanar Gafan da iska 26, ba abin da ya kama, alhali gefen tayar na lanƙwasa yana ɗaukar zafi, mai na ƙonewa a banza. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. A kan tayar zamani dai bai sani ba, haka ma shuri da ƙafa.

Shi ma geji yana ƙarya. Wanda ya sha faɗuwa da ƙura a rumfar mai faci na iya kauce wa gaskiya. Mallaki naka, ka ajiye shi a mota, ka riƙa gwada shi da wani lokaci zuwa lokaci.

A auna da safe kafin a tashi, ko bayan mota ta huta awa uku, domin duk ƙarin zafi na digiri 5 zuwa 6 yana ɗaga awo da kusan ɗaya. Kada a rage iskar taya mai zafi. Adadin da ya dace yana kan takardar da ke liƙe a jikin ƙofar direba. Wanda ke jikin tayar iyaka ce, ba a so a kai ta. A haɗa har da safaya, aƙalla sau ɗaya a wata da kuma kafin ɗaukar lodi.

Direbobi, idan fitila ta kama, ku tsaya ku duba, kada ku rufe ta da salatif. Idan ba ta kama ba, ku auna da geji. Allah Ya kiyaye hanya.